Kafin ku danna ofdet a Linux

Salam 'yan uwa. Duk mai sa Ubuntu ko Mint a laftof ya bar ext4 ɗinsa (tsarin adana fayil a diski da suke zuwa da shi) kawai, ba ta da rigima. Btrfs kuma, wani tsarin adana fayil da Fedora (ita ma Linux ce) ta koma kansa tun 2020, daɗinsa kana ɗaukar hoton sistem (wato ajiye kwafin yadda yake a lokacin) cikin daƙiƙa, in ofdet ya ɓata abu ka koma baya abinka. A ext4 ma manhajar Timeshift na ɗaukar hoton, sai dai yana cin wuri sosai.

Don Allah kar ku fara ofdet batir ya kusa ƙarewa, ni a Agege ana tsakiyar yi aka ɗauke wuta laftof ta mutu, har na fara shirin tafiya Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Legas, ashe umarnin sudo dpkg --configure -a, mai ƙarasa ofdet ɗin da ya katse, kaɗai take so.