Kayan gara da tsarabar hannu: inda ake yawan kuskure da yadda za ki gyara

Abin da ya raba girkin da za a ci yau da wanda za ki ƙulla ki ba wani kyauta shi ne kwanaki. Tuwo da miya kin sauke an zuba an cinye, ko gishiri ya ɗan zarce an wuce wajen. Amma dambun nama, cincin, alkaki, dubulan, nakiya, yaji, waɗannan sai su yi sati biyu ko wata guda a ɗakin wani, wani lokacin ma sai sun hau mota daga Kano zuwa Legas ko Maraɗi cikin rana, ke kuma ba kya nan balle ki gyara. Yawancin ɓarnar daga nan take, mace ta iya girki tsaf hannunta da daɗi, amma ta yi kayan ajiya kamar wanda za a cinye da la'asar.

Ni aikina koyar da yara mata rawar gargajiya ne a wata firamare, irin wadda suke yi ranar al'adu da bikin yaye ɗalibai, to duk ƙarshen zango iyaye sukan aiko min da ɗan abin hannu, Allah ya saka musu da alheri, wannan robar cincin waccan ƙullin yaji wata kuma dambu. Wallahi raina yana ɓaci in na buɗe roba na ga ta yi gumi, don na san kuɗin fulawa da mai da tsayuwar da baiwar Allah ta yi a gaban wuta, ga shi abu kaɗan ya ja mata asara. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Mu fara da dambun nama tunda shi ya fi tsada kuma shi aka fi ɓatawa, musamman bayan babbar sallah da kowa ke da naman layya yana son ya aika wa 'yan uwa da yaran da ke makarantar kwana. Kuskuren farko tun wajen zaɓen nama ake yinsa, a haɗa da kitse da jijiya a zuba a tukunya. Kitse ba ya dakuwa, kuma shi ne yake fara canza wari in an kwana biyu, ki ji dambu yana wani maƙaƙi a maƙoshi. Tsoka zalla za ki nema, irin ta cinya, ki zauna da wuƙa ki cire duk farin nan. Sannan wajen dahuwa kar ki cika ruwa, ki zuba daidai wanda zai dafa naman ya tsotse a jikinsa tare da albasa da citta da tafarnuwa da kanumfari, don in kin tsiyaye romo kin zubar to daɗin ne kika zubar. Ki daka shi da zafinsa, in ya huce ya yi tauri sai ki sha wuya a turmi kuma ba zai yi zare-zare ba.

Inda aka fi faɗuwa shi ne suya. Mutane suna cika wuta don su gama da wuri, sai waje ya yi ja cikin kuma da sauran ruwa, a ido ya soyu amma bayan kwana uku huɗu fumfuna ta fito. Dambu wuta kaɗan yake so da juyawa ba tsayawa, ko hannu zai gaji ki samu wadda za ta karɓe ki. Ki kula da mai, muddin yana ta ƙananan tafasa yana kumfa to ruwa ne ke fita daga naman, sai kin ga ya lafa, dambun ya yi wara-wara, in kin juya kina jin ƙararsa a jikin tukunya, to a nan ya yi. Duk attaruhu ko albasa da za ki sa ki sa tun da wuri su soyu tare su bushe, masu yanka ɗanyar albasa a kai bayan an sauke don ƙamshi, wannan na ci a ranar ne, ba na ajiya ba. Ki juye a gwagwa mai ya tsane sosai, ki baza a faranti mai faɗi ya sha iska har ya huce sarai kafin ki barbaɗa yaji ki rufe. In kuma kin riga kin rufe kin ga alamar laima amma bai canza wari ba, maida shi kasko ba mai ki ƙara gasa shi a wuta kaɗan. Wanda fumfuna ta riga ta fito masa kam dan Allah ki zubar, kar ki kwashe saman ki ce na ƙasa lafiyarsa ƙalau, ba lafiya ba.

Wannan maganar ta hucewa ta shafi komai, ba dambu kaɗai ba. Abu mai zafi in kin rufe shi a roba ko leda tururinsa ba shi da wajen fita, sai ya taru a murfi ya koma ruwa ya ɗiga a kai. Cincin ɗin da kika soya ƙarau da dare ki wayi gari ya yi laushi, ki ce fulawar ce ba kyau, alhali murfi ne. Ki sa bayan hannunki a tsakiyar tulin, ba a sama ba, in da sauran ɗumi ki ƙara haƙuri. Lokaci ma yana da nasa, abin da kika yi a hunturu wajen Disamba da Janairu iska da kanta tana taya ki busarwa, amma a damina musamman Agusta ko a buɗe kika bar abu yana jan danshi, don haka kayan bikin damina a yi su kusa da ranar kai wa, kar a yi tun saura wata.

Cincin kuwa matsalarsa guda biyu ce, ko ya sha mai ko ya yi tauri kamar tsakuwa. Shan mai yana zuwa ne in kin zuba kafin mai ya yi zafi, ko kin cika kasko taf har zafin man ya sauka. Ki jefa ƙwaya ɗaya ki gani, in ta nutse ta ɗan jima kaɗan ta taso tana kumfa to ya yi, in ta zauna a ƙasa shiru da saura, in kuma nan take ta yi baƙi wuta ta yi yawa. Kumfar nan da ke tasowa har mai ya nemi zubowa, yawanci garin fulawar da kika barbaɗa wajen murzawa ne, ko ƙwai da bota da suka yi yawa a kwaɓin. Ki zuba yankakken a rariya ki kaɗe garin kafin ya shiga mai. Ni awon da nake bi shi ne fulawa kofi 4, sukari kofi 1 da bai cika ba, bota cokali 4 na cin abinci, ƙwai 1, bakin hoda ƙaramin cokali 1, sai madara da ɗan gishiri, kwaɓin ya yi tauri ba ruwa-ruwa ba. Ki kwashe tun yana ruwan zuma mai haske don yana ƙara duhu bayan ya fita daga mai. Man da kika soya kifi ko kaza da shi kuma kar ya kusanci cincin, ke hancinki ya saba ba za ki ji ba, wanda aka kai wa shi zai ji.

Sai alkaki, wanda gaskiya yanzu 'yan mata da yawa tsoronsa suke ji sai dai a kai aikatau wajen tsofaffi, kuma ba wani abu ba ne illa ba ya son gaggawa. Alkama ake ɓarzawa, ba a niƙa ta ta yi laushi kamar fulawa ba, in ta yi laushi ya tashi daga alkaki. A murza ta da mai, a kwaɓa da nono mai tsami ko yis, a rufe a bar shi ya kwana ya yi tsami ya tashi. Masu kwaɓawa da safe su soya da azahar su ne nasu yake fitowa da tauri, sukari ya ƙi shiga cikinsa, ki gutsura ki ga waje da zaƙi ciki fari fat. Washegari ake sa ruwan kanwa don ya kashe tsamin, kuma a nan hannu yake zarcewa, kanwa in ta yi yawa alkaki ya yi duhu ya yi ɗaci har da wari. Ki jiƙa ta ki tace, ki dinga zubawa kaɗan kaɗan kina ɗanɗanawa. Suyarsa ma wuta kaɗan ce don yana da kauri, cikin yana buƙatar lokaci.

Ruwan sukarin da ake tsoma alkaki da dubulan shi ma fanni ne guda. Sukari kofi 2 ruwa kofi 1, ki matse rabin lemon tsami ko ki zuba ɗan ruwan tsamiya. Tsamin nan ba don ɗanɗano kaɗai ake sa shi ba, shi ke hana sukari komawa gari ya daskare fari a jikin abu. Ki bar shi ya dahu har in kin ɗiga a faranti ya ɗan huce kin taɓa da yatsu biyu kin buɗe ya yi zare. In bai kai ba ruwa ne kike jiƙa kayanki da shi, za su yi laushi su lalace da wuri, in ya wuce kuma zai ƙanƙare, sai ki ƙara ruwan zafi kaɗan ki mayar wuta. Alkaki daga mai ake tsoma shi da zafinsa ya ɗan jima ya sha, dubulan kuwa tsomawa ne a cire, in kin bar shi ya jiƙa ya saki jiki duk kwalliyar da kika sha wuyar naɗawa ta tafi.

Nakiya ita ce mai daɗewa a cikinsu in an yi ta daidai, tana iya yin watanni. Abin da ke kashe ta shi ne shinkafar da aka wanke ba ta bushe ba aka soya, ko ba ta soyu ba aka kai niƙa, ko a yayyafa ruwa wajen kirɓi don ta haɗe da wuri. Ruwa ba ya shiga nakiya. Dafaffen sukari ko zuma da soyayyen man shanu su ne ke haɗa ta, sai taɓarya. Man shanun ma a soya shi sosai ruwansa ya ƙone tukunna, ɗanye yana sa ta yi wari.

Akwai abu ɗaya da nake so a ɗauka da gaske, gyaɗa. Duk abin da za ki yi da ita, ƙuli-ƙuli ne, yajin ƙuli ne, ko gyaɗa mai sukari, ki baza a faifai ki tsince wadda ta yi baƙi ko kore ko ta motse. Irin wannan tana ɗauke da wata guba da fumfuna ke haifarwa, aflatoksin, tana cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Mutane suna ganin asara ne su zubar da 'yar wannan, a haɗa duka a kai inji, to ita ce kuma take sa ki ji yaji yana ɗaci. Shi kansa yajin, barkono da citta da masoro da kimba da kanumfari duk a shanya su su bushe ƙamas kafin daka, turmi ma ya zama busasshe. Gishiri da dunƙulen magi suna jan laima, su ke sa yaji ya dunƙule a kwalba, don haka kwalba mai murfin kirki, cokali busasshe. In na mai jego ne ki tambaya tukunna ko tana da gyambon ciki kafin ki cika barkono.

To an gama aiki lafiya, saura mazubi, nan ma ana zubar da wahala. Bokitin fenti da aka wanke ana zuba gara a ciki, ni dai ban yarda da shi ba, warin nan ba ya fita duka kuma ba don abinci aka yi shi ba. Haka robar da ta taɓa ɗaukar omo ko sabulu. Sabuwar roba ba ta kai kuɗin kilo ɗaya na naman da kika saya ba, ki saya ki wanke ki kife a rana ta bushe har cikin murfin. Jarida kuma ba abin shimfiɗa wa soyayyen abu ba ce, tawadar tana narkewa a mai ta koma jikin abincin. Kar a haɗa turaren wuta da humra jaka ɗaya da kayan ci, na sha karɓar cincin da ke ƙamshin turare, kyauta biyu masu kyau amma ɗaya ta ɓata ɗaya. Alkaki da dubulan masu sukari mazubinsu daban, cincin daban, in kin haɗa su danshin wancan zai sauka a kan wannan. In kina son abin ya yi kyau a ido, faifai mai launi ko ƙaramar ƙwarya irin waɗanda ake samu a kasuwar Kurmi sun fi ledar kwalliya nesa ba kusa ba, ki sa kayan a leda mai tsabta tukunna sannan ki ɗora a ciki.

Ki kuma tuna wa za ki kai wa. Hajiya da haƙora suka yi rauni ba cincin mai tauri za a kai mata ba, dambun kaza mai laushi ya fi mata. Mai ciwon suga in kin kai masa alkaki jikoki ne za su cinye, gara yaji mai kyau ko dambu. Maganar gara kuma, wannan gasar ta cika bokitai ashirin don dangin miji su gani ita ke sa a yi aikin kwana biyar a kwana ɗaya, a rage mai, a cika wuta, a rufe da zafi, rabi ya lalace kafin a gama rabo. Ki yi iya wanda hannunki da aljihunki za su iya yi da kyau.

In kuma mai tafiya Ingila ko Amurka za ki ba saƙo, cire dambu da kilishi daga lissafi, dokar ƙasashen ta hana matafiyi shiga da nama daga nan, ƙwacewa ake a filin jirgi, wani lokacin har da tara a kan wanda ya taimaka ya ɗauko miki. Cincin da alkaki ki ba shi, ki rubuta sunan abin a jikin robar da ranar da kika yi, ki kuma ce masa ya faɗa wa jami'an filin jirgin yana ɗauke da abinci in an tambaya.