Kurakuran da masu sa kai ke yi idan sun fita da ƙananan yara lambu

Yawancin masu sa kai da ke jagorantar yara 'yan shekara 4 zuwa 7 a lambu suna zuwa ne da sunayen itatuwa fal a kansu, kuma daga nan matsalar ke farawa. Sai ka ga mutum ya tara yara a gindin bishiya yana ta zuba bayani, su kuwa hankalinsu na kan jerin tururuwar da ke wucewa kusa da ƙafarsu. Ai tururuwar nan ita ce darasin ranar. Ka tsuguna har idonka ya yi daidai da nasu, ka tambaya: ina suka nufa? Me suka ɗauko? Ƙafafunsu nawa? Yaron da ya ƙirga shida da kansa, daga baya ya gamu da gizo-gizo ya ƙirga takwas, ba ya bukatar wani dogon jawabi kafin ya gane akwai bambanci a tsakaninsu.

Haka nan kada ka yi saurin ba da amsa, balle ka ƙirƙiro ta don gudun kunya. "Ban sani ba, ku zo mu duba" amsa ce mai kyau. A ganina ma ta fi sunan kimiyyar da yaro zai manta kafin a kai bakin ƙofa.

Kuskuren da ya fi haɗari shi ne shiga lambun da ba ka zagaya ba tukuna. Ka je kafin ranar, ka nemi mai kula da wurin, ka ji yaushe aka yi feshin maganin ƙwari, ina amyar zuma take, ina ruwa ke kwanciya, ina banɗaki yake. Ƙaramin yaro na iya nutsewa a ruwan da bai kai masa gwiwa ba, don haka kududdufin ado ma abin sa ido ne. Sannan ka san tsirrai masu guba. 'Ya'yan zurma masu zane-zane ne, suna ɗaukar idon yaro, amma gubarsu na iya kisa idan aka tauna. Zaƙami kuwa, daga ganye har 'ya'ya, babu inda ba guba. Doka ɗaya ta wadatar, a faɗe ta tun a ƙofa, a kuma maimaita: ba a sa komai a baki sai an tambayi babba.

Akwai kuma manyan da ke shafa wa yara tsoronsu. Da an tono tana sai su ja da baya suna yamutsa fuska, nan take yara su ɗauka abin ƙyama ne. Ka daure. Ka nuna musu cewa tana da fatarta take numfashi, shi ya sa ake jiƙa hannu kafin a ɗauke ta, a kuma mayar da ita ƙasa da wuri kada ta bushe. Malam-buɗe-littafi kallonsa ake yi, domin garin da ke manne wa yatsa idan an kama shi ɓawon fikafikansa ne. Juya dutse ko gungume aikin babba ne, da sanda, saboda kunama da maciji, kuma a mayar da shi yadda aka same shi.

Hanya kada ta yi tsawo. Gara wuri uku da aka daɗe a cikinsu da wuri goma da aka bi a guje, kuma a huta a inuwa a sha ruwa tun kafin wani ya ce yana jin ƙishi.

Ƙirga yara ba a yinsa sau ɗaya. A ƙirga kafin tashi, a ƙirga duk inda aka tsaya, babba ɗaya a gaba, ɗaya a baya, kuma kada wani babba ya keɓe da yaro ɗaya inda ba a ganinsu. Ka tambayi iyaye tun da wuri ko akwai mai asma ko wanda jikinsa ba ya ɗaukar harbin zuma, ka nemi izininsu kafin ɗaukar hoto. Idan zuma ta yi harbi, a cire ƙarin da sauri a wanke wurin. Idan fuska ko leɓe ya fara kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Kafin a buɗe abin ciye-ciye, kowa ya wanke hannu da sabulu, har da waɗanda suka rantse ba su taɓa komai ba.