Fic ko eldabari: wanne sabon zuwa zai fara dasawa a lambun gida?

Mutanenmu na Katsina da Daura da ke shirin tafiya Ingila, Amurka, Kanada ko Jamus sun fi tambayar rigar sanyi, kuɗin haya da inda ake samun naman halal. Ba kasafai ake tambayar shuka ba. Amma wanda ya tashi a gidan da ke da zogale a bakin rijiya da bedi a ƙofar zaure, da zarar ya samu gida mai ɗan fili a can, hannunsa zai fara ƙaiƙayi. Zai je kantin sayar da dashe, kuma galibi itatuwa biyu ne za su tsayar da shi: fic, wanda za ka ga an rubuta Peach a takardarsa, da eldabari, mai suna Elderberry ko Sambucus. Ra'ayina shi ne sabon zuwa ya fara da eldabari, ya bar fic sai ya zauna da gindinsa.

Na san zuciya fic take so. Ɗan itace ne mai zaƙi, mai ruwa, ja da rawaya, da ƙwallo guda a ciki, kuma duk wanda ya yi kewar mangwaro shi zai fara miƙa wa hannu. Asalinsa daga Sin ne, kuma bishiya ɗaya tana iya yin 'ya'ya ba tare da an dasa mata abokiya ba. Sai dai tana da sharuɗɗa da yawa, kuma ba ta sassauci a ko ɗaya.

Na farko, sanyi take so, amma da awo. Yawancin nau'o'inta sai sun kwashi awa 600 zuwa 1,000 a sanyin da bai haura digiri 7 ba kafin su yi fure sosai. Shi ya sa ko ka ɗauko ta ka kai fadamar Ajiwa ko bakin dam ɗin Daberam, hunturunmu ba zai ishe ta ba. A can ma, wanda ke Hustan ko Fulorida sai ya nemi nau'in da ke buƙatar sanyi kaɗan, wanda ke Minesota ko tsakiyar Kanada kuwa sanyin ne zai yi mata yawa har ya kashe ta. Ko a inda ta dace, tana saurin fitar da fure tun Maris ko Afrilu, kuma dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa ya isa ya zubar da amfanin shekara gaba ɗaya.

A Ingila kuma ruwan sama ne abokin gabarta. Akwai cutar da ke naɗe ganye: za ka ga sabon ganye ya kumbura, ya yi ja kamar an ƙona shi, ya murɗe, sannan ya zube. Danshi ne ke yaɗa ta lokacin da toho ke buɗewa. Masu lambu a can sukan dasa fic jikin bangon da ke kallon kudu, su baje rassan a kan waya, su yi mata rumfar leda tun daga Nuwamba har Mayu don kada ruwa ya taɓa ta. A lura da wannan batu na kudu. Mu a gida inuwa muke nema wa dashe, a can rana ake farauta, kuma daga kudu take zuwa. Fic na son awa shida zuwa takwas na rana kowace rana, da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya.

Sai datse rassa duk shekara, domin a reshen bara kawai take haihuwa. Sai rage 'ya'ya tun suna ƙanana, a bar tazarar santimita 15 zuwa 20 tsakaninsu, aikin da ke da ciwo ga wanda bai saba zubar da arziki da hannunsa ba, amma idan ba a yi ba, za su fito ƙanana kuma reshe ya karye. Bayan duk wannan, shekara uku zuwa huɗu ake jira kafin a ci na kirki. Ɗalibin da ya je digiri na biyu na shekara ɗaya ko biyu, wa zai dasa wa?

Eldabari ba ta da wannan fitina. Ba doguwar bishiya ba ce, kurmi take yi, na Amurka ya kai mita uku zuwa huɗu, na Turai ya fi haka tsawo. A Ingila da Jamus tana fitowa da kanta a gefen hanya da shingen gonaki. Tana jure sanyi mai tsanani, tana son ƙasa mai danshi, ba ta damu da 'yar inuwa ba. Idan maƙwabci yana da ita, roƙi reshe mai kaurin yatsa a lokacin sanyi, ka soka a ƙasa, yawanci zai kama. A shekara ta biyu ko ta uku za ka fara tsinka. Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni tana fitar da farin fure mai faɗi da ƙamshi, a Agusta da Satumba kuma 'ya'ya ƙanana baƙaƙe, cunkus a tsintsiya guda har reshe ya sunkuya. Wanda ke Amurka ya dasa nau'i biyu, misali Adams da York, 'ya'yan sun fi yawa.

Ga inda nake so a buɗe kunne, musamman masu yara. Ba a cin eldabari ɗanya. Ganyenta, ƙararenta, saiwarta da 'ya'yan da ba su nuna ba suna ɗauke da sinadarin da ke rikiɗa ya zama guba a ciki, ya kawo amai da gudawa. A 1983 a Kalifoniya an kwashi mutum takwas zuwa asibiti bayan sun sha ruwanta da aka matse ɗanye haɗe da ganye da ƙarare. Yaranmu sun saba da cewa abin da ya nuna a bishiya na ci ne, don haka a gaya musu tun ranar dashe. A tsefe 'ya'yan daga tsintsiyar da cokali mai yatsu, a zubar da koraye, a tafasa sosai da citta da kanumfari yadda ake dafa zoɓo, a tace, a sa sukari ko zuma. Furen ma ana jiƙa shi da lemun tsami da sukari a yi abin sha. Turawa suna barin wani ya tsima ya zama giya, saboda haka idan an ba ka kyauta a kwalba, tambaya ba laifi ba ce, naka kuma ka ajiye a firji. Kada kuma ka tsinko a daji sai wanda ya san ta ya nuna maka, akwai tsirrai masu dafi da ke kama da ita. Ana yawan zuzuta ta a matsayin maganin mura. Ka sha don daɗi, rashin lafiya kuwa a je ga likita.

Aibinta biyu ne. Ta Amurka tana tura tsiro daga saiwa ta mamaye fili har ta leƙa gidan maƙwabci, sai ana sara. Tsuntsaye kuma suna son ta, kashinsu yana rina shanya, don haka a nisanta ta da igiyar wanki.

Kafin ka ɗaga shebur, in gidan haya ne ka nemi izinin mai gida a rubuce, in ba haka ba kuɗin ajiyarka ne zai biya. A Amurka ana buga 811 kyauta kwanaki kaɗan kafin haƙa, a zo a sa alama inda bututun gas da wayar lantarki suka bi. A Ingila wanda ba shi da fili yana iya sa suna a ƙaramar hukuma a ba shi ɗan fegin noma na haya, sai dai layin yana da tsawo a manyan birane, gara a rubuta suna tun da wuri. Kada kuma a cusa iri ko dashe daga gida cikin jaka, kwastam ɗinsu ba sa wasa da wannan.

Wanda ransa ya kafe sai fic, akwai gajeren nau'i irin su Bonanza da ake rainawa a babbar tukunya. Ana shigar da ita ƙarƙashin rumfa lokacin ruwa, kuma ranar tashi daga gidan haya a ɗora ta a mota. Ka sayi 'yar aure, kada ka shuka ƙwallon da ka ci, don ba lallai ya yi irin uwarsa ba. A Ingila dashen da ake sayarwa da saiwa a waje, ba tukunya, yana fitowa daga Nuwamba zuwa Maris, kuma ya fi araha.