Darasi na Tara: Zuciyar Saurayi, Jiya da Yau

A zangon Kumasi mun saba ɗaukar ciwon zuciya a matsayin ciwon dattawa da masu kuɗi, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa ɓarnar tana somawa ne tun mutum yana ganiyar ƙarfinsa. A shekarar 1953 likitocin Amurka sun binciki gawawwakin sojojinsu 300 da suka mutu a yaƙin Koriya, samari ne 'yan kimanin shekara 22, sai suka tarar kashi 77 cikin ɗari daga cikinsu kitse ya riga ya fara taruwa a jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini. A fagen fama suka mutu, suna ji da lafiyarsu.

Jijiyar jini kamar bututun famfo take: idan dauɗa ta yi ta manne wa cikinta shekara da shekaru, hanya takan ƙuntata har wata rana ta toshe. In ta toshe a zuciya sai a sami bugun zuciya, in kuma a ƙwaƙwalwa ne sai ɓarin jiki ya shanye. Abubuwan da ke gaggauta wannan toshewa su ne taba, hawan jini, yawan kitse a cikin jini, ciwon sukari, ƙiba da rashin motsa jiki.

Abin da ya ragu da abin da ya ƙaru

Taba ta ja baya a ƙasashe da yawa. A Amurka kashi 42 cikin ɗari na manya ne ke shan sigari a 1965, amma a 2019 sun koma kashi 14. A nan Gana ma Dokar Lafiyar Jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wuraren taruwar mutane, ta kuma hana sayar da ita ga wanda bai kai shekara 18 ba. Sai dai shisha ta shigo majalisun samari da ƙamshin tuffa da na'ana'a, har wasu na cewa ruwan tulun yana tace gubar. Ba ya tacewa, kuma wanda ya zauna awa guda yana zuƙa yakan shaƙi hayaƙin da ya ninka na karan sigari ɗaya sau da yawa ƙwarai.

Ƙiba kuwa gaba ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 1990 zuwa 2022 yawan manya masu matsananciyar ƙiba a duniya ya ninka fiye da sau biyu. Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga dalili. Ku tuna da iyayenmu, waɗanda ke tashi daga Aboabo ko Asawase su taka da ƙafa har kasuwa, su wuni suna dako ko jan kaya, su dawo su ci tuwon zafi da miyar ganye. Ɗan irin wannan dattijo yau yana zaune kan pragya, wato babur ɗin haya mai ƙafa uku, tun daga sallar asuba har bayan isha'i, ko kuma a shagon waya, ƙafarsa ba ta taka ƙasa sai ya zo salla. Gyangyaɗi ya kama shi ya sha lemon ƙara kuzari, da yamma a kewaya da ataya wadda sukari ya yi mata yawa, da tsakar dare kuma ya tsaya wurin mai shayi a soya masa Indomie biyu da ƙwai uku, daga nan sai shimfiɗa. Yaron nan ba malalaci ba ne, nema yake yi iyakar ƙarfinsa, amma irin neman ne da ke gajiyar da mutum ba tare da ya motsa jininsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne, da tumbi ya fara fitowa sai mu ce masa: "Alhaji, daɗi ya zo." Gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin ɗari kan abin sha mai zaƙi a 2023, amma haraji ba ya shiga kofin ataya.

Gishiri shi ma ya ƙaru a tukunyarmu ba tare da mun lura ba. Abin da ya kamata babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, kuma a cikin lissafin har da wanda ke ɓoye a dunƙulen Maggi, da kifin gishiri irin koobi, da shito, da yajin tsire. Gishiri mai yawa yana ɗaga jini.

Yadda ake karanta awon jini

Hawan jini yawanci ba ya ba da wata alama, saboda haka awo ne kaɗai ke bayyana shi. Ana yin awon a asibiti da ƙananan ɗakunan shan magani, har da shagunan magani da yawa. Kafin a auna ku, ku zauna shiru minti 5, bayanku a jingine, hannunku a kan tebur, kuma kada ku sha taba ko kofi rabin awa kafin nan. Na'urar za ta nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. Awon 120 bisa 80 yana da kyau. Idan ta sama ta kai 140 ko ta ƙasa ta kai 90 a ranaku biyu dabam-dabam, to hawan jini ne, ko da mai shi ɗan shekara 25 ne, kuma dole ya ga likita. Wanda aka ɗora wa magani kada ya ajiye shi don ya ji jikinsa garau, domin maganin ne ya kwantar da jinin.

Awon ƙugu ma kuna iya yinsa a gida da tef ɗin tela. A zagaya shi daidai saitin cibiya, ba tare da an ɗame ciki ba. Namiji da ya wuce santimita 94 ya fara shiga haɗari, wanda ya wuce 102 kuwa haɗarinsa babba ne. Tafiya da sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, ta cika minti 150 da ake bukata.

Idan mutum ya ji nauyi ko matsi a ƙirji yana sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, ga gumi, ga sarƙewar numfashi, kada a tsaya shafa masa man zafi. A kira lambar gaggawa ta 112, ko a garzaya da shi asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye.

Aikin gida

Ku rubuta kalmomin nan sau uku-uku: zuciya, jijiya, gishiri, ƙugu. Sannan kowa ya nemi saurayi ɗaya a gidansu ya raka shi a auna jininsa, ya rubuta lambar sama da ta ƙasa tare da kwanan wata a littafinsa, ya kawo aji mako mai zuwa mu karanta tare.