Shawara ga mai son ya koma wa zumunci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni na yi shekara 35 ina aiki a Bauchi, kullum ina ofis, ko ta'aziyya sai dai in aika da kuɗi. Sai da na yi ritaya na gane ƙanena da ke Azare ya daina kirana tun tuni.

Shawarata, kada ka fara da waya. Shiga mota ka je da ƙafarka, ka riƙe ɗan goro da turare. Kada ka tono tsohon zance, balle na gado. Ka gaisa, ka ci tuwon gidan, ka tambayi sunayen yara (ni kam biyu ban ma san da su ba, kunya ta kama ni).

Ranar farko bai sake da ni ba. Zuwa na uku shi da kansa ya shimfiɗa min tabarma ya ce, "Yaya, yau kwana za ka yi."