Yadda ake zaɓar mazaunin kibiya don harbin kifi da bakan gargajiya

Kibiyar harbin kifi daban take da wadda maharbi ya saba ɗanawa a tudu. Da faibagilas ake yin ta, cikinta a toshe, kaurinta kusan milimita 8, nauyinta kuma tsakanin giram 70 da 90, wato ya ninka na kibiyar farauta sau biyu ko uku. Ba ta da gashi a gindi, tana da kunnuwa a tsini, ga igiya tana biye da ita. Sannan ƙasa ake harba ta, cikin gaggawa, sau da yawa mutum yana sunkuye a bakin kwale-kwale. Saboda haka abu biyu ake nema a wurin da kibiyar za ta zauna a jikin baka: ya riƙe ta ko an karkata bakan, kuma kada ya bar wa igiya abin da za ta sarƙe.

Mataki na 1: Dubi bakanka tukuna

Kafin ka sayi komai, juya bakan ka duba tsakiyarsa. Akwai 'yar kafaɗa da aka sassaƙa a saman mariƙi? Faɗinta ya isa ɗaukar kibiya mai kauri? A bangon da ke saman kafaɗar, akwai huda mai zare da ake ɗaura noti? Bakunan da ake kwance wa hannuwa, musamman masu tsakiyar ƙarfe, galibi suna da wannan huda. Bakan katako guda ɗaya yawanci ba shi da ita, kuma ban yarda mutum ya ɗauko abin huji ya fasa bakansa don neman wurin ɗauri ba, domin ruwa zai shiga katakon, ƙarfinsa kuma ya ragu.

Sai ka ɗana kibiya, ka miƙa bakan gabanka, ka daidaita tsirkiya da tsakiyar hannuwansa. Idan da dama kake harbi, za ka ga tsinin kibiya ya ɗan leƙo hagu da tsirkiya. Idan leƙowar kaɗan ce, an sassaƙa bakan har tsakiya, aikinka zai zo da sauƙi. Idan ta yi yawa, ka sani cewa kibiyar faibagilas ba za ta lanƙwasa ta zagaye mariƙi yadda siririyar kibiyar katako ke yi ba, don haka duk abin da za ka manna a bangon dole ya zama siriri ƙwarai.

Mataki na 2: Zaɓi irin mazaunin

Ga mafi yawan bakunan gargajiya, harbi daga kan kafaɗar shi ne zaɓina. Babu abin da zai karye, babu notin da zai kwance, babu ƙarfen da ya fito da igiya za ta kama. Kibiya kuma tana kusa da hannunka, abin da ke taimaka wa mai harbi da ido ba tare da na'urar saiti ba. Amma a cire fata ko gashin dabbar da ke kan kafaɗar, domin suna shan ruwa, su kumbura, su ɓare. A maye gurbinsu da ɓangare mai laushi na Velcro (maɗaurin nan mai mannewa da ake sa wa takalma da jaka), ɗaya a kwance, ɗaya a bango. Kibiya kan dawo daga ruwa da laka da yashi, tana goge wurin kamar sanfefa, shi ya sa kullum ake ajiye wani yanki a aljihu don canji.

Matsalar kafaɗa ɗaya ce: kibiya na iya zamewa ta faɗi idan ka karkata bakan ta ɓangaren da babu bango. Maganin da masu wannan harka ke yi shi ne gina ɗan kwari da gam ɗin efoksi, irin wanda ake murzawa da hannu. Ka goge kafaɗar ta bushe, ka ɗora curin gam, ka naɗe kibiya da leda, ka danna ta a kai har ta bar gurbi. Ka ɗaga gefen waje kaɗan, kamar rabin kaurin kibiyar. Idan ya daskare, ka goge duk wani kaifi har yatsa ya bi ta kai bai ji komai ba. Idan kana tausayin fentin bakan, fara shimfiɗa tef mai ƙarfi kafin gam.

Wanda bakansa ke da huda yana da zaɓi biyu ƙari. Akwai mazauni mai 'yar gargare, wadda kibiya ke kwanciya a kai tana mirginawa. Yana ɗaukar nauyi sosai, ba ya cinyewa da wuri, sai dai wasu a buɗe suke ta sama. Akwai kuma wanda ya kewaye kibiya gaba ɗaya, da zobe ko da gashin buroshi, irin Whisker Biscuit da aka yi musamman don kibiyar kifi. Wannan ko ka kifa bakan, kibiya ba ta faɗuwa, kuma ga yaro ko sabon shiga ya fi kwantar da hankali. Amma a lura: mai sakin tsirkiya da yatsu yakan sa gindin kibiya ya yi rawa hagu da dama, don haka zoben da ya matse zai iya bugun ta. A nemi mai sarari.

Ƙananan mazaunan roba ko na siririyar waya da ake mannawa don harbin allo, a bar su. Nauyin kibiyar zai lanƙwasa su, ruwa kuma ya ci gam ɗinsu.

Mataki na 3: Tabbatar da hanyar igiya

Nan ne hatsarin yake. Idan igiya ta sarƙe da mazauni ko tsirkiya lokacin da aka saki, kibiya na iya dawowa kan maharbi, kuma fuska take nufa. Don haka kada ka ɗaure igiya a gindin kibiya. Yi amfani da zobe mai zamewa a jikinta, irin AMS Safety Slide. Kafin ka ja, tura zoben gaba zuwa tsini, yadda shi da igiyar duka za su kasance a gaban mazauni. Bayan an saki ne yake zamewa baya, ya tsaya a ɗan maƙalin da ke kusa da gindi. Wannan maƙali ya kalli sama idan ka ɗana, domin idan ya kalli ƙasa ko bango zai doki mazaunin ya karkatar da harbin.

Sannan ka ja bakan a hankali ba tare da saki ba, wani ya tsaya gefe yana kallo. Igiya ta fito daga abin naɗinta da ke jikin baka ta tafi gaba kai tsaye, ba ta raɓi kan noti ko gefen mazauni ba. Duk abin da ya fito, a goge shi ko a rufe da tef. Kowane noti kuma ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Mataki na 4: Gwada a ruwa

Tun da babu gashin da zai miƙar da kibiya, yadda ta bar baka haka za ta shiga ruwa. Idan ta shiga a karkace, ruwa zai kwashe ta gefe, ƙarfinta ya tafi kafin ta isa kifi. Nemi ruwa mai zurfin da ya kai mita guda, mai laka a ƙasa ba duwatsu ba, ka jefa ganye kamar mita 4 ko 5 daga inda kake, ka riƙa harbinsa. Shiga mai kyau ba ta fantsama ruwa da yawa, sai 'yar ƙara da layin kumfa a miƙe.

Fara da ƙullin tsirkiya, wato alamar da ke tsayar da gindin kibiya a jikin tsirkiya, kamar santimita 1 sama da layin kafaɗa. Idan gindin kibiya na tashi sama, sauko da ƙullin kaɗan-kaɗan. Idan ka sauko amma abin ya ƙaru, ka wuce ƙasa da yawa ne, gindin yana dukan kafaɗa yana tsalle, sai ka koma sama. Ga mai harbi da dama, gindin da ke kaucewa dama yana nuna a matso da kibiya kusa da bango, wanda ke kaucewa hagu kuma a ƙara kaurin Velcro ɗin bango. Bahago sai ya juya lissafin. Canza abu ɗaya a lokaci guda, kuma ka yi gwajin da igiya a ɗaure, tun da da ita za ka yi harbin gaske.

Kada ka zargi mazauni idan kibiya na tafiya a miƙe amma tana wucewa ta saman kifi. Haske na lanƙwasa idan ya fito daga ruwa, sai kifi ya bayyana sama da inda yake. Ƙa'idar da ake farawa da ita: kifin da ke nisan mita 3, a zurfin santimita 30, a auna kamar santimita 10 ƙasa da shi, a ƙara idan nisa ko zurfi ya ƙaru.