Yadda za ka sa ranar fitar da wasanka ba tare da ka zubar da mutuncinka ba

Ina da shagon cajin waya a wani ƙauye kusa da Ringim, da dare kuma ina haɗa ɗan wasan dara na waya. Bara na ce wa samarin shagona zai fito kafin Babbar Sallah. Aka yi layya, aka cinye nama, shiru. Har yau abin na damuna, domin sun daina ma tambaya.

Ɗan'uwa, kada ka faɗi rana sai wasan yana tafiya daga farko har ƙarshe a wayar wani, ba taka ba. Ni nawa yana buɗewa a wayata, amma yana maƙalewa a ƙananan wayoyin da yawancinmu ke riƙewa. Lissafa kwanakin da kake bukata ka ninka su, saboda rashin wuta, tsadar data da aikin gona idan damina ta kankama.

Kada ka yi tallar abin da ba ka gina ba. Kamfanin CD Projekt na Poland ya ɗage ranar fitar da wasansa Cyberpunk 2077 sau uku, daga Afrilu zuwa Disambar 2020, wasan kuma ya fito da kurakurai, har kamfanin Sony ya cire shi daga kasuwar wasannin na'urarsa ta PlayStation na kusan wata shida.

In ka ga ba za ka cika alkawari ba, faɗa da wuri, da bakinka, tare da dalili. Sannan ka ba mutum biyar abin da ka gama su gwada kafin ka sa sabuwar rana.